Tauraron Arewa a Bayan Katanga

Duk littafin koyon kallon taurari da ya shigo hannunmu a shekarun da muka fara wannan harka da umarni guda yake farawa: fita da dare, nemo tauraron arewa, ka saita na'urarka a kansa. Mutanen Ingila da Amurka ne suka rubuta littattafan, kuma a wurinsu wannan ba wani aiki ba ne. Tsayin tauraron nan daga ƙasa yana tafiya ne daidai da nisan garin mutum daga layin da ya raba duniya gida biyu. Mazaunin Landan ɗaga kai kawai zai yi ya same shi a sama da digiri 51. Mu a Kano digiri 12 ne rabonmu. Idan ka miƙe hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen kusan digiri 10 ne, ke nan tauraron da aka ce mu dogara da shi bai wuce dunƙule ɗaya da 'yan kai daga doron ƙasa ba. Katangar maƙwabci ta isa ta rufe shi, balle darbejiya ko tankin ruwa, in kuwa hazo ya sauko to sai dai labari. Tun daga shafin farko muka gane cewa kayan da littattafan don wata samaniya aka yi su, in muna son su yi mana aiki sai mun sake musu zama da hannunmu.

Abin da ya jefa ni cikin harkar shi ne kusufin rana na Laraba, 29 ga Maris 2006. Inuwar wata ta shigo Afirka ta gaɓar Ghana, ta ratsa Togo da Benin, ta bi ta arewa maso yammacin Najeriya, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya. Kano ta sami rabo mai yawa amma ba cikakke ba, don haka muka yi sammako zuwa Katsina. Da hantsi gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, Zara ta fito ƙarara, wani farin haske mai gashi-gashi ya kewaye baƙin wata, ana ta kabbara daga masallatai. 'Yar kyamarar da ke hannuna ba ta iya riƙe komai ba sai wani farin tabo. Na dawo gida da ƙudurin cewa sai na san yadda ake ɗaukar hoton abin da ke sama.

Kafin shekarar ta ƙare wani ɗan'uwana da ke karatu a Ingila ya taho mini da madubin hangen nesa, na hannu, a cikin kayansa. Irin wanda Isaac Newton ya ƙirƙiro ne a 1668: bututu mai buɗaɗɗen baki, babban madubi mai lotsawa a gindinsa yana tara haske, ƙaramin madubi a karkace kusa da bakin yana turo hasken gefe, inda ake sa ido. Faɗin babban madubin milimita 130, haskensa kuma yana haɗuwa a nisan milimita 900. Gilasan ido biyu ya zo da su, mai lamba 25 da mai lamba 10. Lissafin girman abin da za ka gani ba shi da wuya, raba 900 za ka yi da lambar gilashin: na farko ya ba ka ninki 36, na biyu ninki 90. Na kawo wannan ne domin har yau ana sayar da wasu ƙananan na'urori da aka rubuta ninki 500 ko 600 a jikin kwalinsu, kuma abin yana yi mini ciwo, don yara da yawa ta wannan ƙofa suka fice daga sha'awar. Faɗin madubi ne ke yanke iyaka. Abin da aka sani shi ne ninki biyu na faɗinsa a milimita, shi ma sai daren da iska ta kwanta.

A masallacin unguwarmu akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin safiyo. Wata rana bayan sallar la'asar ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, yara sun ce kana da madubin kallon sama. Yaushe za ka nuna wa Babanka?" Na ce, "Baba, ai madubin ne ya ƙi ba ni haɗin kai. Ina saita wata a cikin ɗan ƙaramin na gefe, in leƙa babban sai duhu." Ya ce in fito da shi gobe da rana, ba da dare ba. Wannan ɗan ƙaramin bututu da ke ɗaure a jikin babban shi ne jagora, da shi ake nemo abu kafin a leƙa, kuma kowace jijjiga ta hanya tana kautar da shi. Baba ya sa muka nufi kan wata doguwar eriyar waya da ke can nesa da babban madubin, muka ɗaure shi kada ya motsa, sannan ya riƙa murɗa ƙananan notikan jagoran ɗaya bayan ɗaya har tsinin eriyar ya zauna a tsakiyar layukan nan biyu da suka gitta juna. Minti kaɗan aikin ya ɗauka. A daren nan wata ya cika mini ido da ramukansa da duwatsunsa.

Baba ne kuma ya raba mu da neman tauraron arewa. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, saboda haka duk abin da ka saita guduwa yake yi. A ninki 90, cikin kamar minti biyu ya ratsa gilashin ya fita. Mazaunin na'urar an ƙera shi ne da sanda guda wadda in ta fuskanci arewa ta gaskiya, a tsayin da ya dace da garinka, murɗa hannu ɗaya ya isa ka bi tauraro duk dare. Baba ya ce rana za ta ba mu arewa. Kafin mu hau saman bene ya sa na zaga na sanar da maƙwabta, domin hawa sama a cikin unguwa ba abin wasa ba ne, akwai tsakar gidajen mutane da iyalansu, kuma ya shata mana kusurwar da za mu riƙa tsayawa. Ya kafa sanda a miƙe, ya gwada miƙewarta da igiya mai dutse a ƙasa, ya zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi, sa'ad da bakin inuwar ya taɓa da'irar, ya sa alama. Da yamma inuwar ta sake taɓa ta a ɗaya ɓangaren, ya sake sa alama. Layin da ya haɗa alamomin biyu shi ne gabas da yamma, wanda ya gitta shi kuwa kudu da arewa. Muka ja layin da fenti, muka ɗiga wuraren da ƙafafu uku za su riƙa tsayawa. Hannunsa yana rawa in zai ɗauki kofin shayi, amma in ya kama igiyar awo sai ya tsaya cak.

Daga nan wata sabuwa ta ɓullo. Da muka sauko da sandar zuwa digiri 12, sai ƙarfen nauyin da ke daidaita bututun ya riƙa bugun ƙafar da ke gaba. Wanda ya zana mazaunin bai yi tunanin mutanen da ke kusa da tsakiyar duniya ba. Mun fara da juya kan don nauyin ya faɗa tsakanin ƙafafu biyu, amma sai na'urar ta riƙa neman kifewa, har sai an rataya mata jarkar ruwa a tsakiya. Daga baya na kai wa wani mai walda a Ƙofar Ruwa. Ya jujjuya kan a hannunsa, ya tambayi abin da yake yi, na yi masa bayani iyakar iyawata. Ya ce, "Malam, wuya kake so a ƙara masa ke nan." Ya yanko guntun bututun ƙarfe, ya yi masa faifai sama da ƙasa, ya huda su daidai da notin, kan ya ɗaga sama da taƙi guda, nauyin ya riƙa wucewa ba ya taɓa komai. Da na tambayi kuɗinsa ya ce in biya kuɗin ƙarfe kawai, ladan aikin kuma in nuna masa wata. Ya zo da 'ya'yansa biyu a kan babur.

Matsalar da ta fi cin rai ita ce ta madubai biyun nan. Dole su fuskanci juna daidai, in ɗaya ya kauce ko da kaɗan ne, kowane tauraro sai ya fito da 'yar jela a gefe, kuma duk murɗa fokos ɗin da za ka yi ba zai zama ɗigo ba. Akwai na'urar da ake sayarwa don wannan gyara, mu dai ba mu da ita. Abin da ya cece mu shi ne ɗan gwangwanin roban nan da fim ɗin kyamara ke zuwa a ciki. Faɗinsa ya yi daidai da ramin da ake sa gilashin ido, inci ɗaya da kwata. Masu wankin hoto zubar da su suke yi, sai mai hoton bakin titinmu ya cika mini leda. Ka yanke gindinsa, ka huda tsakiyar murfin da allura mai zafi, ka zura shi a ramin, ka leƙa ta hudar. Za ka ga da'irori cikin da'irori: bakin ramin, ƙaramin madubi, hoton babban a cikinsa, da idonka a can tsakiya. Aikin shi ne mutum ɗaya ya leƙa, ɗaya ya tsuguna a gindin bututu yana murɗa notika uku, har da'irorin su hau kan juna. "Ƙara kaɗan. Ya yi yawa, koma. Tsaya nan." Da dare kuma a tabbatar da tauraro mai haske: a kautar da fokos kaɗan, in zoben hasken ya fito da baƙin ɗigo a tsakiyarsa sosai, an gama.

Daren da wannan gyara ya zauna, a farkon 2007, muka juya ga duniyar Zuhal. Ba na jin akwai wanda zai manta ganinsa na farko da ita: 'yar ƙwallo mai ruwan ƙwai, zobe ya kewaye ta, baƙin sarari tsakaninsu. Baba ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ya ce "Tabarakallah" ya koma. Amma ba kowane dare take yarda ba. Simintin bene yana shan rana wuni guda, da dare ya riƙa sako zafin, rufin kwanon maƙwabta ma haka, sai hoton ya riƙa rawa kamar fuskar mai tsire in ka hango ta ta saman wutarsa. Mun koyi fito da bututun tun magariba don madubin ya huce, mun koyi yayyafa wa simintin ruwa, mun kuma koyi cewa bayan ƙarfe biyun dare ne iska ke kwanciya. Zoben kansa ya yi ta tsukewa shekara bayan shekara, har a 2009 ya koma siririn layi, wani maƙwabci ya rantse cewa madubin ne ya lalace. Ba lalacewa ba ce. Sau biyu a cikin zagayen da Zuhal ke yi wa rana, mai ɗaukar shekara 29 da rabi, zoben yakan juyo mana da kaifinsa. Ya sake yin haka a Maris 2025.

A shekarun farkon nan mun zama 'yar ƙungiya ba suna ba shugaba: ni, da Baba, da wani malamin lissafi, da wani yaro mai gyaran kwamfuta, sai masu zuwa su tafi. Hoton farko da wayar hannu muka ɗauka, a kara ta a bakin gilashin ido a riƙe numfashi. Wata yana fitowa, sauran kuwa babu. Yaron nan ne ya zo da labarin da ya karanta a kafe, cewa masu sha'awa a Turai sun koma amfani da 'yar kyamarar hira ta kwamfuta, musamman wata ta kamfanin Philips mai suna ToUcam. Da muka samo irinta, ya kwance gilashin gabanta, ya manna mata gwangwanin fim da gam, ta shige ramin ido daram. Sai dai idonta ƙanƙane ne ƙwarai, shigar da duniyar Mushtari cikinsa aiki ne na haƙuri, kuma batirin kwamfutar ba ya kai mu ko'ina. Wani abin sha'awa, ɗauke wuta alheri ne a wurinmu, domin unguwa takan yi duhu taurari su sauko, matuƙar dai ba a tayar da janareta kusa ba, don girgizarsa har cikin hoton take shiga.

Dabarar ita ce ba hoto ɗaya ake ɗauka ba. Bidiyo ake yi na minti ɗaya ko biyu, hotuna ɗaruruwa, mafi yawansu iska ta dagula su, amma a tsakaninsu akwai 'yan ƙalilan da suka faɗo a daidai lokacin da ta lafa. Wata manhaja ta kyauta mai suna RegiStax, wadda wani mai sha'awa ɗan ƙasar Holan, Cor Berrevoets, ya rubuta, ita ke tsince masu kyan ta ɗora su kan juna. Yini guda yaron ya yi a kafe kafin ya sauko da ita a filashi. Ina iya tuna yadda muka kewaye allon kwamfutar, yana jan wani ɗan maɓalli a hankali, sai ga ratsi biyu masu ruwan ƙasa sun fito a jikin Mushtari daga cikin abin da da farko dusu-dusu ne. A gefe ga watanninta, waɗanda Galileo ya fara gani a Janairun 1610. Hoton bai fi girman ƙwandala a allon ba, kuma na san ko a lokacin akwai dubban da suka fi shi a duniya. Amma hasken da ya yi shi ta cikin bututunmu ya bi, a kan benenmu, a daren da muka sani.

Abu ɗaya Baba bai yarda a yi muhawara a kansa ba. A cikin kwalin akwai wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gilashin ido wai don kallon rana. Ya karɓa ya sa a aljihu, ban sake ganinsa ba. Irin wannan gilashi yana zama ne a daidai inda madubi ya tara zafin rana, yana iya tsagewa ido na kai, kuma makantar da za ta biyo baya ba ta da magani. In za mu ga tabon da ke jikin rana, sai dai mu rage bakin bututun mu haska hotonta a kan farar takarda, jagoran kuma a rufe.

Sai ƙura. Hazon hunturu da ke rufe mu, kaso mai yawa nasa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, inda tsohon babban tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Laushin a hannu ne kawai. Madubin na'ura ba irin na ɗaki ba ne, siririn shafen alminiyom ɗinsa a fuska yake, ba a baya ba, in ka sa tsumma ka goge ƙurar ka yi masa zane har abada. Mun koyi barinsa da ƙurarsa, don ƙura kaɗan ba ta rage komai da ido zai lura. In ta yi yawa sai a kwance shi, a jiƙa shi a roba da ɗigon sabulun ruwa, a ja auduga a kansa a cikin ruwan ba tare da dannawa ba, a ɗauraye da tataccen ruwan da masu cajin batir ke sayarwa, bayan an tabbatar ba mai asid ba ne, a jingine shi ya bushe da kansa. Damina kuma da nata: raɓa tana kwanta wa ƙaramin madubi, fumfuna tana yin saƙa a cikin gilasan ido. Su muka riƙa ajiyewa a cikin kwalba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi.

Duk da haka daminar ce ke ba da dare mafi kyau. In aka yi ruwa da yamma ya wanke sama, gari ya washe, sai ka ga abin da ba ka taɓa zaton yana nan ba. Haka ma 'yan makonnin kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya iso. A irin waɗannan darare ne muka gane cewa abin da muka rasa a arewa an biya mu shi a kudu da riba. Tsakiyar farin ratsin taurarin nan da ke gitta sama, wanda mutumin Ingila ke hange dab da ƙasa, mu yana hawa mana kusan digiri 50 a watannin Yuli da Agusta. Curin taurarin da ake kira Omega Centauri, wanda ba a ganinsa sam daga Ingila, a nan yana kai digiri 30 a daren bazara. Tauraron Suhailu yana fitowa sarai. Duniyoyi kuwa ta saman kanmu suke wucewa, inda iska ta fi sirantaka. Littattafan ba su faɗi wannan ba, don marubutansu ba su da shi.

Don ɗaukar wannan ratsi ba a bukatar madubin ma, kyamara ce kawai da buɗe ido na tsawon lokaci. Damuwar ita ce juyawar duniya: da gilashin kyamara mai lamba 50, in ka wuce daƙiƙa goma taurari sun fara zama layi. Malamin lissafinmu ya kawo maganin, wata dabara da wani ɗan Sikotilan, George Haig, ya wallafa a 1975. Katako biyu ne a haɗe da hinjin ƙofa, kyamara a kan na sama, dogon noti yana tura shi daga ƙasa. Ya zauna ya yi lissafin da kansa: in notin yana tafiyar milimita ɗaya a kowane zagaye, aka huda masa rami a nisan milimita 228 da rabi daga tsakiyar hinjin, aka juya shi zagaye ɗaya a minti, katakon zai buɗe daidai da tafiyar sama. Kafintan da ya yi mana ya auna ramin sau da yawa kafin ya huda, yana cewa bai taɓa aikin da rabin milimita ke da daraja haka ba. Mukan nufi arewa da hinjin, mutum ɗaya ya riƙe agogo mai hannun daƙiƙa da 'yar tocila da aka rufe da jar leda, ɗaya ya riƙa juya notin yana bin hannun agogon. Minti uku na wannan aiki sai ka ji kafaɗarka ta riƙe.

Wannan katako ne ya fitar da mu daga birni. Mukan ɗauki mota da la'asar mu nufi wani ƙauye da malamin ke da dangi, mu fara da gaida mai gari, mu gaya masa abin da ya kawo mu, ya sa a sanar da 'yan sintiri. Bayan isha'i sai a shimfiɗa mana tabarma a bayan gari. Kafin mu ɗauki hoto ko ɗaya sai kowa ya leƙa, yara a gaba, sannan magidanta, can kuma a aiko cewa tsofaffin mata ma suna so. Wata tsohuwa ta leƙa Zara, ta ga ta zama lauje irin na jinjirin wata, ta ja da baya tana salati. Limamin garin ya san manzilolin taurarin nan 28 da malamai ke lissafin shekara da su, kowace kwana 13, ɗaya 14, yana jero na damina da ka, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, har ƙarshe. Shi ya nuna mana Surayya da yatsa, yaran suka ce ai Kaza da 'ya'yanta ce, muka sa musu ita a gilashi mai lamba 25 suka ga 'ya'yan sun wuce ƙirge. Da na nuna masa hoton da muka ɗauka na Andromeda, wani tarin taurari, na gaya masa Abdurrahman as-Sufi ya ambace ta a littafinsa na taurari tun shekarar 964 a matsayin ɗan gajimare, kuma haskenta shekara miliyan biyu da rabi ya yi a hanya, sai ya ce a sake nuna masa inda take da ido. Muka nuna masa, ya gan ta.

Da na sami babbar kyamara mai cire gilashi, ita ma ta hannu, sai madubin ya ƙi ta. Duk yadda aka murɗa fokos ciki, yana ƙarewa kafin hoto ya fito, domin idon kyamarar yana can cikin jikinta, hasken kuma yana haɗuwa kafin ya kai gare shi. Ko dai a sa gilashin da ke ninka nisa, wanda ke rage haske, ko a turo babban madubin gaba. Muka zaɓi na biyu. Mai waldan nan ya nemo mana notika uku da suka fi na asali tsawo da 'yan sifirin masu ƙarfi, madubin ya matso da kamar santimita uku, hoto ya fito. Zafin bazara kuma yana cika hoton da jajayen ɗigo da koraye daga cikin kyamarar kanta, sai a rufe bakin a ɗauki hoton duhu zalla, manhaja ta cire shi daga na gaskiya. Inuwar ƙurar da ke kan idon kyamara kuwa, farar singileti muke ɗaurawa a bakin bututu da asuba mu ɗauki hasken sama, da shi ake share ta.

Kallo na ƙarshe da muka yi da Baba shi ne husufin wata na daren Juma'a, 27 ga Yuli 2018, wanda duhunsa ya kai awa ɗaya da minti 43, mafi tsawo a wannan ƙarni. Ba ya iya hawa bene a lokacin, sai muka sauko da na'urar ƙofar gidansa. Hadari ya yi ta rufewa yana buɗewa, wata ya yi ja, duniyar Mars tana gefensa ita ma ja. Ya leƙa, ya ce madubin yana son gyara, kuma da gaskiyarsa, saukowar ta kautar da shi. Ranar 21 ga Disamba 2020, da Mushtari da Zuhal suka matso har suka shiga gilashi ɗaya bayan magariba, Allah Ya riga Ya yi masa rasuwa. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Yanzu akwai ƙananan na'urori da ake sarrafawa da waya, su nemo arewa da kansu ba tare da tauraro ko sanda ba, su saita fokos, su tara hotuna, cikin minti goma su ba ka abin da muka yi shekaru muna nema. Ina murna da su, kuma duk wanda ya sami hali ya saya. Abin da nake kewa daban ne. Kowace matsala ta wancan madubi sai da ta kai ni wurin wani mutum: mai walda, kafinta, mai hoto, mai cajin batir, tsohon ma'aikacin safiyo, kuma kowannensu daga baya ya zo ya leƙa. Samaniyar ma ta canja. Fitilun sola sun haske unguwanni, abin alheri ne ga mai tafiya da dare, amma daga benenmu ratsin nan ya ɓace. Ƙauyen kuwa, ba mai hankalin da zai ce yau a kwana a bayan gari da kaya masu ƙyalli, kuma mai garin da kansa ya aiko cewa mu dakata tukuna. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, don duhun yana nan inda muka bar shi, hanyar zuwa ce ta gagara.

Shafen madubin ya fara dusashewa a gefe, amma har yanzu yana nuna ratsin Mushtari. Ɗan mai waldan nan, wanda aka ɗaga shi sama kafin idonsa ya kai gilashin, shi ke riƙe da shagon yanzu. Kwanan baya ya sayi nasa madubin, ya kira ni a waya ya ce, "Baba, na saita wata a ƙaramin, na leƙa babban ban ga komai ba." Na ce ya kawo shi ranar Asabar da hantsi, ya biya ta wurin masu hoto ko za a dace da gwangwanin fim, don yanzu sun yi wuyar samu.